Jinjina Ga Maƙeran Da Suka Rage Wa Bindiga Cijewa, Amma Da Sauran Aiki

Duk maharbin da ya taɓa ɗaga bindiga ya auna agwagwa, ya ja kunama ya ji shiru, ya san baƙin cikin da ake nufi idan aka ce bindiga ta cije. Abin ya fi damun masu bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, irin wadda take tofar da kwanso ta ɗura wa kanta sabon harsashi. Ƙarfin harbi ɗaya ne zai buɗe sakata, ya fitar da kwanso, ya ɗana kunama, ya ɗauko na gaba ya kulle. Ga shi harsasanta ba su da ƙarfi ɗaya: na 'yan wasan harbi a gasar Olamfik giram 24 ne kacal a cikinsa, na masu farautar dinya kuwa, mai tsawon inci uku da rabi, yana iya haura giram 50. Mutanen da suka shafe sama da shekara 120 suna sasanta wannan saɓani sun cancanci a jinjina musu.

Na farko shi ne John Moses Browning, mutumin garin Ogden a jihar Utah ta Amurka. Da ya ƙera bindigar da aka sani da Auto-5, kamfanin Winchester ya ƙi yarda ya riƙa biyansa kaso a kan kowace da aka sayar. Ya nufi Remington a farkon 1902, yana zaman jiran shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, sai ga labarin rasuwarsa. Browning bai karaya ba, ya tsallaka teku zuwa masana'antar FN da ke Herstal a Beljiyam, kuma aka ci gaba da ƙera bindigar har 1998. A tsarinsa, bututu da sakata suna ja da baya tare idan an harba, sannan bututun ya riga komawa gaba. Hikimar da ta fi burge ni ita ce zoben tagulla da na ƙarfe da ya ɗora a gaban sifirin, waɗanda suke aikin birki. Mai bindiga yana jera su wata siga don harsashi mai ƙarfi, wata siga don mai sauƙi. Tun daga ranar farko ke nan Browning ya nuna cewa akwai rabon aikin da yake wuyan mai ita.

A 1963 Remington ta fito da Model 1100, wadda take satar kaɗan daga hayaƙin albarushi ta ƙananan huda a jikin bututu don ta tura fistin. Kafaɗun maharba sun huta da naushi, amma hayaƙi yana barin kunkunniya, kuma akwai wani siririn zoben roba da yake toshe iskar. In ya tsage, bindiga mai tsada ta koma mai harbi ɗaya. Shi ya sa tsofaffin masu ita ba sa rabuwa da na canji a aljihu. Daga Italiya kuma, Benelli na garin Urbino ya ɗauki dabarar Bruno Civolani a 1967: sifirin mai kauri a cikin sakata, wanda zaburar bindigar baya take matsewa, shi kuma ya saki ƙarfinsa ya buɗe ta. Babu hayaƙin da yake shiga ciki, saboda haka ba ta saurin yin dauɗa. Ita ma da nata halin, domin in an loda mata kaya ta yi nauyi, ko harsashi ya yi sanyi, zaburar ba ta isa. Maharban Amurka har suna suka sa wa ƙarar da take yi idan sakata ba ta gama kulluwa ba, kuma kamfanin ya saurare su ya gyara makullin a Super Black Eagle 3 ta 2017. Wannan sauraro ma abin yabo ne. Sai Versa Max ta Remington, ta 2010, wadda aka jera hudojin hayaƙinta a inda harsashi yake kwanciya, ta yadda dogon kwanso yake rufe wasu da jikinsa, gajere ya bar su duka a buɗe. Bindiga ta riƙa auna wa kanta iska, ba tare da an juya komai ba. Madalla.

Sai dai fa yabon gwani ya zama dole, amma ba ya hana a gaya masa inda ya rage. Tallar da ake yi cewa bindigar zamani tana cin kowane irin harsashi ta wuce gona da iri. Mafi ƙarancin ƙarfin da za ta iya juyawa da shi yakan ɓuya a can cikin ɗan littafin bayani, haka ma shawarar a fara horar da sabuwa da harsashi mai ƙarfi har sifirin ya saki jiki. Kamata ya yi a rubuta waɗannan ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Kuma kamfanin da yake sayar da bindigogi a ƙasashe masu nisa, ya wajaba ya kai zoben roba da sifirin can inda ya kai bindigar.

Nauyi mafi girma yana kan mai ita, kuma a nan ne na fi samun ƙorafi. Da yawa suna ɗora wa maƙera laifin da nasu ne. Sabuwar bindiga tana zuwa da maiƙo mai kauri na hana tsatsa, wanda ba na aiki ba ne. A goge shi kafin harbin farko. A tabbata babu harsashi a ciki ko a ma'ajiyarsa kafin a kwance komai, wannan ba ya buƙatar gardama. A kankare kunkunniyar fistin, a zura siririn tsinke a buɗe hudojin iska, a wanke makwancin harsashi, domin ragowar roba da tsatsa a wurin ne suke riƙe kwanso. Akwai kuma wani sifirin da kusan kowa yake mantawa da shi, wanda yake cikin gindin bindiga a irin su 1100 da Benelli. Masu shiga fadama suna jiƙa shi da ruwa shekara da shekaru, ya yi tsatsa ya mutu, su kuma suna ta canza harsashi suna zargin kamfani.

Mai ma da iyakarsa. A ƙasashen ƙanƙara yana daskarewa ya rage wa sakata gudu, a wurin da ƙura take tashi irin ta hunturunmu kuwa, yana haɗuwa da ita ya zama taɓo. Ɗigo kaɗan a kan hanyar sakata ya wadatar.

Abin da na fi ƙi shi ne gaggawar ɗaukar abin huda a faɗaɗa hudojin iska, ko a yanke sifirin don bindiga ta juya da harsashi mai sauƙi. Za ta juya ɗin, amma ranar da aka sa mata mai ƙarfi, sakata za ta riƙa dukan bayan gidanta da ƙarfin da ba a ƙera ta don shi ba, har wani abu ya tsage kusa da fuskar mai harbi. In an wanke, an canza zobe da sifirin, an gwada harsashin da littafinta ya ambata, amma tana nan tana cijewa, to a kai ta wurin ƙwararren mai gyara da yake da lasisi, a tafi masa da kwanson da ya maƙale, domin tabon da ke bakin kwanson ne zai fara dubawa.