KU CI GABA DA DARIYA, NI DAI BA ZAN CIRE HULAR KWANONA BA

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sake hawa babur na shiga daji, karon farko tun 2013. Shekarar da aka hana ɗaukar fasinja a kan babur a Kano ita ce shekarar da na sayar da nawa, na rungumi 'yar motata, na ce na gama. Ashe ban gama ba. Duk wanda ya taɓa ratsa burji da sassafe, ya tsallake rafi, ya hau tudu injin yana kuka a ƙarƙashinsa, ya san abin ba ya fita daga rai. Na samu wani tsohon Yamaha DT a hannun wani, bakanike ya yi sati uku a kansa, na ce bismillah.

To, ba labarin babur ɗin ne ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu ba. Dariyar da aka yi mini ce. Na fito daga gida da hular kwano mai rufe haɓa, da tabarau, da safar hannu, da takalmi har ƙwauri, da abin kare gwiwa. Matasan majalisa suka kwashe da dariya. Wani ya ce "Alhaji, wata za ka tafi ne?" Wani ya ce "Baba, ai mutuwa ɗaya ce." Har wani abokina, sa'ana, mai 'ya'ya shida, ya dafa kafaɗata ya ce wai tsoro ne ya kama ni da girma ya zo.

Na ji, na kuma yi shiru a lokacin. Yau zan ba da amsa, kuma wallahi wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, ba zan sassauta ba.

Mu fara da maganar tsoro. Wai sa kayan kariya ragwantaka ce, ba halin namiji ba ne. Malam, ka taɓa tsayawa ka kalli hawan Sallah da idon basira? Waɗancan 'yan lifidan da ke gaban Sarki, su da dawakansu a naɗe cikin auduga, da 'yan sulke, da masu kwalkwali a ka, su wane ne? Su ne zaratan mayaƙa, waɗanda ake turawa gaba inda kibiya ta fi zuba. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, fiye da shekara 600 ke nan, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Kakanninmu da suka san mene ne jarumta ba su shiga fage da kai a buɗe ba. Sai kai, jikan jikansu, ka hau ƙarfe mai gudun kilomita 80 da silifas ɗan maɗina da hula zanna, ka ce kai ne namijin duniya? Haba!

Sai maganar ƙaddara. Ni ma na yi imani da ita, babu wanda zai wuce ranarsa. Amma ku tambayi malamanku, ba ni ba: Annabi (SAW) sulke biyu ya sa ranar Uhudu, kuma da kwalkwali a kansa ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta. Akwai wanda ya kai shi tawakkali? Kuma abin dariya, mai ce mini "mutuwa ɗaya ce" shi ne wanda yake ɗaure babur ɗinsa da sarƙa da kwaɗo biyu in zai shiga masallaci. Babur ka ɗaure shi, ba ka bar shi ga ƙaddara ba. Kanka kuwa, wanda babu sifiya ɗinsa a kasuwa, shi ka bari. Sannan ai ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Akwai wanda ya faɗi bai mutu ba, amma yau shekara biyar ana juya shi a kan katifa, matarsa ce ke kwashe masa bayan gida. Shi ma "mutuwa ɗaya ce" yake cewa a da.

Wani kuma ya ce ai daji ne, babu tirela, babu mota, me za ka ji wa tsoro? Wannan maganar wanda bai taɓa shiga daji da babur ba ce. A kan kwalta kana iya shekara ba ka faɗi ba. A daji faɗuwa tana cikin tafiyar, abin tambaya kawai shi ne a kan me za ka faɗi. Yashi yana kama tayar gaba ya jefar da kai ba sallama. Kututturen da ciyawa ta rufe, ramin da zaizaya ta haƙa tun damina, dutse, reshen ƙaya daidai ido, akuyar da ta yanko daga gona. Ga lissafi mai sauƙi wanda duk ɗan sakandare zai iya yi: wanda ya daki abu a tsaye yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Kilomita 50 fa, gudun da yaranmu ke kira tafiyar tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, ta rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100. Wane layar ce take ba ka wannan?

Mu dai mun daɗe muna wasa da wannan magana. Waɗanda suka yi wayo sun tuna watan Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano. Me muka yi? Aka riƙa kifa ƙwarya a ka, da robar fenti, da tukunya, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Aka baza jita-jita wai ana asiri da hular, in ka sa sai ka ɓace. Muka yi dariya, dokar ta yi sanyi, muka ci gaba da jana'iza. Har yau tunanin bai canza ba: hular kwano abin kare kai ne daga jami'in hanya, ba daga dutse ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya rataye ta a hannun babur, ko ya ɗora ta a ka igiyar tana lilo. Hular da ba a ɗaure ba ita ce take fara tashi kafin kanka ya isa ƙasa.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana masu son dawowa harkar kamar ni, don ba zagi kaɗai na zo yi ba.

Abu na farko, tsohuwar hularka da ke cikin sito, ka manta da ita. Ni ma na ɗauko tawa, na danna cikinta da yatsa sai ga shi tana marmashewa. Abin da ke ceton rai a hular kwano ba ƙoƙon waje mai ƙyalli ba ne, wannan farin soso mai tauri ne na ciki, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali. Aikinsa ya murƙushe a madadin ƙwaƙwalwarka, kuma sau ɗaya yake wannan aikin. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama amfani ko da waje bai tsage ba. Masu ƙera su ma shawararsu a canza bayan kamar shekara biyar. Wannan ne ya sa nake tsoron hular gwanjo, ba ka san kan wa ta taɓa ceta ba.

In za ka saya, ka juya ta ka duba. Sosan nan mai tauri ya kai kaurin inci ɗaya ko kusa? In yadi ne kawai da 'yar katifa mai laushi, ajiye masa kayansa. Ɗaga ka ji nauyi, ta ƙwarai tana wuce kilo ɗaya, ta bogi kamar kwanon roba take. Duba igiyar, a ga an kafe ta da ƙusa mai ƙarfi, ka nemi tambarin Turai da ake ɗinkawa a jikinta, harafin E a cikin da'ira, ma'aunin ECE 22.05 ko sabonsa 22.06. Sitikar DOT ta Amurka kuwa, kada ita kaɗai ta ruɗe ka, kowa zai iya buga ta ya manna. Sannan ka gwada: ta kama kumatu, in ka girgiza kai ta bi ka, in ka ɗaure ka turo ta daga ƙeya kada ta fita. Kuma don Allah hular 'yan gini ba hular babur ba ce. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don mutumin da zai daki ƙasa ba.

Ga daji, ka nemi mai dogon baki da ke kare haɓa da muƙamuƙi, mai 'yar rumfa a goshi, ka haɗa da tabarau mai roba da ke manne wa fuska. Ƙurar hunturu ko ƙwaro ɗaya a ido ya isa ya kai ka rami.

Bayan hula, takalmi. Nan ne na fi ganin ganganci. A daji ƙafa ce take fara shan wuya: babur ya danne ta, dutse ya daki yatsu, salansa ta soya ƙwauri. Kambas ba ya hana idon sawu juyawa. Ana son takalmi mai tauri da ya kai ƙasan gwiwa, wanda in ka riƙe shi ka murɗa ba zai murɗu ba. Sai safar hannu, domin duk wanda zai faɗi tafin hannu yake fara miƙawa, ba ya ma sani. Sai abin kare gwiwa da gwiwar hannu, sai na ƙirji da baya. Masu kyau suna ɗauke da tambarin CE da lambar EN 1621.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne, kayan nan da tsada, kuma rayuwa ta yi wuya. Amma ni ba da mai neman abin sa wa a baki nake ba. Da kai nake, wanda ya canza salansa don ta yi ƙara, ya sa fitilu masu launi, ya sa sitika har a kan madubi, ya riƙe wayar da ta fi babur ɗin tsada, sannan ya ce hula ta yi tsada. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala ka tambayi masu jinya nawa ake kashewa a sa ƙarfe a cinya ɗaya, da wata nawa mutum yake yi bai fita nema ba. In kuɗin ba zai isa duka ba, a bi a hankali: hula, takalmi, safar hannu, sauran su biyo baya. In kuɗin bai isa hula ba, to bai isa hawa daji ba, a haƙura.

Za a kuma ce zafi. Eh, akwai zafi, ni ma na jiƙe sharkaf. Maganinsa a fita da asuba a dawo kafin rana ta take, a nemi riga mai raga-raga, a ɗauki ruwa. Gumi dai wanka ne maganinsa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kayan kariya suna hana mutuwa ba. Gasar Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978 kuma ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar, ta ci ƙwararru da cikakken shiri. Fabrizio Meoni, ɗan Italiya da ya lashe ta sau biyu, ya rasu a cikinta a Muritaniya a 2005. Paulo Gonçalves ɗan Fotugal ya rasu a 2020 a Saudiyya. Amma ku dubi abin da masu gasar suka yi: ba su ce tunda an mutu da hula a daina sawa ba. Daga 2021 sai suka wajabta wa masu babur rigar da ke kumbura da iska in mutum ya faɗi. Su in an yi rashi sai su ƙara shiri, mu in an yi rashi sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu tashi daga zaman makoki mu hau babur mu uku babu hula.

Kai kuma da ka daɗe ba ka hau ba, ka yarda jikinka ba na da ba ne. Ƙwaƙwalwa tana tuna gwanintar shekara 25, amma gwiwa da ido na ɗan 45 ne. Ni a awar farko hannuwana suka sage, na kasa matse kuloci. Ka fara a fili, ka sake koyon tsayuwa a kan matakai, ka tuna a yashi ana mayar da nauyi baya ne a riƙe wuta, ba a damƙar birkin gaba. Kada ka tafi kai kaɗai, ka faɗa wa gida inda ka nufa. In abokin tafiya ya faɗi yana kukan wuya, kada a fizge masa hula ko a ciccibe shi kamar buhu. In ya bugu a ka, ko da ya miƙe yana dariya, a kai shi asibiti, musamman in ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko yana magana ba kan gado. Jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali.

Sannan a san zamanin da ake ciki. Akwai dazuzzukan da ba a shiga yanzu, akwai yankunan da hukuma ta taƙaita hawan babur saboda 'yan bindiga. A bi doka. In ka doshi ƙauye ka rage gudu, ka tsaya ka cire hula a ga fuskarka, ka yi sallama. Mutanen karkara sun ga abin da ya isa su tsorata da baƙo mai rufaffiyar fuska a kan babur. Kuma gonar mutane ba filin wasa ba ce.

Ranar Asabar ɗin nan da ake mini dariya, na faɗi. A wata gangara ce mai tsakuwa, ko gudu ba na yi, tayar gaba ta zame, na tafi da gefen fuska a kan dutse. Na tashi na kakkaɓe jiki, na dawo gida na ci tuwo da yarana. Hular tana nan na ajiye ta a kan firji, da kartar dutsen tun daga haɓa har kunne. Ta gama aikinta, sai na sayi wata kafin in sake fita. Wanda ya tambaye ni ko wata zan tafi, ƙofata a buɗe take, ya zo ya shafa wurin da hannunsa, sannan ya shafa fuskarsa.

Iyaye, ku da kuke saya wa yara babur don sun gama makaranta, ku haɗa da hula, ku kuma ce in an gan shi babu ita za a karɓe makulli. Allah Ya tsare mu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.