Kafin a sake yi mana alƙawarin borehol, wa yake auna ruwan Kogin Kano?

Ranar Lahadi da daddare musu ya kaure a majalisarmu ta Court Road kan maganar ruwa. Wani ɗan uwa ya ce ai magana ba ta wuce a zuba borehol a kowace mazaɓa ba, shi ke nan. Na yi gum, domin ni ma da bakina na sha faɗar haka lokacin kamfen. To yau zan faɗi abin da ke raina, ko da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba.

Mu 'yan Gyadi-Gyadi da Tarauni wahalar ruwa iri biyu muka sani. Daga Maris zuwa Mayu muna bin 'yan garuwa, jarka ta yi tsada. Agusta na kamawa kuma a yi ruwan awa biyu, kwata ta tumbatsa, a kwana ana kwalfe ɗaki da roba. Muna ɗaukarsu matsaloli biyu, alhali tambaya ɗaya ce: ruwa nawa ke sauka, nawa ke gudu a kogi, kuma yaushe?

Ruwan famfon Kano ba daga sama yake faɗowa cikin bututu ba. Matatar Tamburawa daga Kogin Kano take ja, shi kuma Kogin Kano dam ɗin Tiga ne ke sakar masa ruwa, wanda aka kammala a 1974 zamanin marigayi Audu Baƙo. Kogin Challawa shi ma an datse shi a yankin Ƙaraye a 1992. Su biyun ne ke haɗuwa su wuce ta Wudil, su nufi Haɗeja da fadamun Nguru. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura duk wannan ruwan suke sha. Idan ya ragu a can, a kasuwar Tarauni za ka ji a aljihunka.

Yanzu ga abin da masana suka gano, kuma shi ne ya sa na sauya tunani. A 2017 wasu masu bincike suka nazarci hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka wallafa a mujallar Nature cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a yankin Sahel tun daga 1982. Sun danganta hakan da ƙarin zafin Hamadar Sahara. Wato ruwan da a da yake zuwa a hankali ƙasa ta sha, yanzu mai yawansa a dare ɗaya yake zubowa.

Na biyu ya fi ba ni mamaki. A Nijar, masu auna rafukan da ke zuba cikin Kogin Kwara kusa da Yamai, irin su Sirba, sun tarar bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu a rafukan ƙaruwa ya yi. Ta yaya? An sare itatuwa, ƙasa ta daskare ta zama faƙo, ba ta shan ruwa, sai ya gangara. Kai da ka taso a unguwar nan ka tuna filaye da kududdufan da muka sani muna yara, ka duba yau duk siminti ne da intalok. Ruwan da bai shiga ƙasa ba, shi ne wanda ke shigo maka ɗaki a Agusta, kuma shi ne wanda borehol ɗinka zai nema ya rasa a Afrilu. Borehol ba ya ƙirƙirar ruwa, Malam, zuƙo wanda ya nutse yake yi.

To ta yaya suka san duk wannan? Awo. Ba wani tsafi ba ne. Sanda ce mai lambobi ake kafawa a gefen kogi, mutum ya karanta tsayin ruwa safe da yamma ya rubuta. Lokaci-lokaci ma'aikata su zo da na'ura su auna saurin gudun ruwan da faɗinsa da zurfinsa, a lissafa adadin da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Dole a riƙa maimaitawa, saboda yashi na tafiya, masu tifa kuma na haƙa, gindin kogi na sauyawa. Sirrin shi ne kada a yanke. Littafin shekara 40 a jere shi ke nuna maka sauyin yanayi, amma na wata shida da aka bari saboda ba a biya mai karanta sanda alawus ba, takardar ƙunshe ƙosai ce kawai.

Kuma dam ba abin wasa ba ne. Manyanmu sun tuna ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988. Mu kuma da idonmu muka ga yadda dam ɗin Alau ya shanye Maiduguri a Satumbar 2024. Tiga an zana shi ne da lissafin ruwan zamanin da, kafin hadari ya sauya hali.

Na san dalilin da ya sa 'yan siyasa ba sa son zancen nan, har da namu. Sandar awo ba a yanka mata kyalle, ba a rubuta sunan kowa a jikinta. Amma kayan aikin ai suna gabanmu. Hedikwatar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan kan titin Maiduguri, Keke Napep ɗaya ce daga nan. Jami'ar Bayero na da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. Jami'ar kimiyya ta Wudil kuwa kogin a ƙofar gidanta yake. NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya. Tsakani da Allah, mu shugabannin matasa, mutum nawa a cikinmu ya taɓa buɗe ɗaya ya karanta wa mutanen mazaɓarsa?

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, na majalisar jiha ne ko na tarayya, mu ajiye masa buƙata a rubuce: a ware kuɗin awon Kogin Kano da Challawa a kasafi, a ɗauki yaranmu masu difloma su yi aikin, a riƙa sanar da matakin ruwan Tiga a rediyo da Hausa duk mako daga Yuli zuwa Oktoba. Zan kawo takardar taronmu na mazaɓa mai zuwa. Wanda yake da gyara ya rubuta a ƙasa kafin Juma'a.