Labarin Zuciya a Tambayi Wuyan Hannu

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan zance gaskiya ne muddin ana batun fushi ko murna ko ɓacin rai. To, amma akwai wani labarin wanda fuska ba ta iya ba da shi, watau labarin tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda ke harba jini dare da rana ba fashi. Ɗalibin Hausa ya iya feɗe ma'anar "mai zuciya" da "zuciya biyu" da "mutuwar zuciya", har ya cika takarda da misalai, amma da za a tambaye shi sau nawa tasa zuciyar take bugawa a minti ɗaya, sai ya yi zuru. Wannan rashin sani bai dace da mai neman ilmi ba, musamman da yake maganinsa bai fi aikin rabin minti ba.

Likitoci sun daidaita a kan cewa zuciyar baligi mai lafiya, idan yana hutawa, takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta jariri ta fi haka sauri, don takan haura 100, sa'an nan ta riƙa raguwa yayin da yake girma. Ƙidayar ba ta da wuya. Da asuba, kafin mutum ya tashi daga shimfiɗa, sai ya ɗora yatsansa manuni da na tsakiya a kan jijiyar wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun daƙiƙa 30, ya ninka biyu. Ba a tauna da babban yatsa, saboda shi ma yana da nasa bugun. Wannan dabara tsohuwa ce, domin tun a ƙarni na 11 Ibn Sina ya yi dogon bayani a kan bugun jijiya a cikin littafinsa Al-Ƙanun.

Abin lura shi ne, tazarar da ke tsakanin 60 da 100 tana da faɗi ƙwarai. Jikin mai hutawa yana bukatar jini kimanin lita 5 a kowane minti, kuma dole zuciya ta kai masa wannan adadi ko ta halin ƙaƙa. Zuciyar mutumin da bai saba da motsa jiki ba takan tura wajen mililita 70 a kowane bugu, saboda haka sai ta buga kamar sau 70 kafin ta cika mudun. Wanda kuwa ya saba da gudu ko tuƙa keke ko doguwar tafiyar ƙasa, ɗakin zuciyarsa na hagu yakan ƙara girma da ƙarfi, ya ɗebi jini mai yawa ya tura a bugu guda, kuma jijiyar da ke rage wa zuciya sauri takan ƙara rinjaye. Misalinsu kamar mutum biyu ne a bakin rijiya, ɗaya da babbar guga, ɗaya da ƙarama. Randa ɗaya za su cika, amma mai ƙaramar guga shi zai fi jan igiya. Shi ya sa ake samun 'yan wasa masu bugu 40 zuwa 60 cikin ƙoshin lafiya. Miguel Indurain, mutumin Sifen wanda ya lashe babban tseren keke na Faransa sau 5 a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito cewa tasa takan sauka har zuwa 28.

Mai karatu na iya yin lissafin da kansa. Zuciya mai bugu 80 a minti takan buga sau 115,200 a yini da kwana, mai bugu 60 kuwa sau 86,400. Bambancin ya kai 28,800 kowace rana ta Allah, alhali dukkansu biyu ana kiransu masu lafiya. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi sawun maza kusan 2,800 a birnin Kwafanhagan na ƙasar Danmak har shekara 16, ya nuna cewa waɗanda zuciyarsu ta fi sauri a lokacin hutu sun fi yawan mutuwa a cikin waɗannan shekaru. Tun kafin wannan, a 1953, likitan nan Jeremy Morris ya gwama direbobin bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin da ke wuni a zaune, a kan kwandastocin da ke wuni suna hawa da saukar matakala.

To, da wanne cikin biyun nan ɗalibin jami'a ya fi kama? Daga aji sai laburare, daga laburare sai ɗaki, tazarar da kakansa zai taka da fartanya a kafaɗa shi sai ya tare ɗan acaba. Ga goro da shayi na hana barci a lokacin jarrabawa, ga taba ga wasu, kuma duk suna ƙara wa zuciya sauri. Abin da ya fi wannan muni shi ne ra'ayin nan da ke ɗaukar gudu da tsalle aikin yara, yana kuma ɗaukar tumbi alamar hutu da girma. Al'ummar da ta raya kokawa da dambe da langa ba ta gaji raina ƙarfin jiki ba. Boko ne ya zo da kujera, aka zauna aka manta da tashi.

Wani zai ce lokacin karatu ma bai isa ba, balle na wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, watau rabin awa a kwana biyar. Tafiya da sauri ma ta wadatar, irin wadda mutum zai iya magana a cikinta amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Wanda ya dage 'yan watanni yakan ga ƙidayarsa ta asuba tana sauka kaɗan-kaɗan. Hirar bakin shago kuwa takan ci fiye da rabin awa ba wanda ya yi kuka.

Sai dai a yi hattara, ba kowane jinkirin bugu ne alheri ba. Idan ya kasa 60 ga wanda ba ya motsa jiki, kuma ga jiri ko kasala ko suma, ko kuwa ya zarce 100 alhali mutum na kwance, ko yana tsallake-tsallake, to, maganar ta likita ce. Zazzaɓi da ƙarancin jini da tsoro duk suna hanzarta shi, don haka ƙidayar rana ɗaya ba ta isa hukunci ba. A maimaita ta kwanaki da dama.

A ƙarshe, ya kamata malamai su fara nuna misali, domin ɗalibin da ya ga malaminsa a filin wasa da yamma ba zai ƙara jin kunyar sa takalmin gudu ba. Ya kamata kuma kowane ɗalibi ya rubuta ƙidayarsa a farkon zangon karatu, ya sake dubawa a ƙarshensa, kamar yadda yake duba makinsa. Lafiya uwar jiki ce, kuma ilmin da aka sha wuya aka tara, zuciya ce za ta ɗauke shi ta kai shi inda zai yi amfani.