Tsutsar da ke koya wa masana sirrin ƙwaƙwalwa

Lambar yabo ta Nobel ta fannin likitanci da aka bai wa Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, a 2024, ita ce ta 4 da bincike a kan wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ya samar, bayan na 2002 da 2006 da 2008.

Tsutsar, wadda masana ke kira C. elegans, tsawonta kusan milimita 1 ne, tana balaga cikin kwana 3, kuma ana iya hango cikin jikinta da madubin ƙara girma.

Yawancin irinta na da ƙwayoyin jijiya 302 ne kacal, yayin da ƙwaƙwalwar mutum ke da kimanin biliyan 86.

Dabarar da Sydney Brenner ya soma a Cambridge ta Ingila a shekarun 1960 ita ce a gurɓata ƙwayar gado guda, sannan a lura da abin da ya sauya a motsin tsutsar.

Da irin wannan binciken ne a 1998 Mario de Bono da Cori Bargmann suka nuna cewa ɗan bambanci a ƙwayar gado guda na iya sa tsutsa ta ci abinci ita kaɗai, ko kuma cikin gungu.

Amfanin aikin bai tsaya a ɗakin gwaji ba.

Da wannan tsutsa aka gano yadda maganin ivermectin ke shanye jijiyoyin tsutsotsi. Rabon maganin na cikin matakan da suka sa a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa.

To sai dai har yanzu da sauran rina a kaba.

Tun 1986 aka zana taswirar yadda jijiyoyin tsutsar ke haɗe da juna, amma taswirar ba ta isa ta bayyana duk ɗabi'unta ba.

A 2023 masu bincike sun nuna cewa jijiyoyin na kuma aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, ko da ba su taɓa juna ba.

Wannan kuwa jan kunne ne ga masu kashe maƙudan kuɗi wajen zana taswirar ƙwaƙwalwar manyan dabbobi: sanin hanyoyin gari daban, sanin abin da mutanensa ke faɗa wa juna daban.