Mai Takaba Ba Gudun Karatu Ta Yi Ba

'Yan'uwana mata, akwai wata doka da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. A jami'o'i da dama na ƙasar nan, ɗalibin da ya yi samista biyu a jere bai yi rajista ba, bai kuma nemi izini a rubuce ba, sai a ɗauka shi ya bar karatu da kansa, a share sunansa. In yana son dawowa sai ya sake bi ta JAMB, kamar bai taɓa taka ƙofar jami'ar ba.

To wai don Allah wa dokar nan ta fi kamawa? Mu mana! Ki duba yarinyar da ke aji uku, mijinta ya rasu. Takaba wata 4 ce da kwana 10, samista kuwa duka-duka wajen wata 4 ce, ga shi an ce sai ta halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ta zauna jarrabawa. Wannan ta tafi ke nan. In kuma ya bar ta da ƙaramin ciki, takabar sai ta haihu, sannan ga jego. Ta biyun ma ta bi sahu. Ta dawo da goyo a baya, a ce mata wai ta janye. Haba jama'a! Yaushe ta janye?

Na san za su ce ai akwai hanya, ta rubuta takardar dakatar da karatu ta hannun shugaban sashe, a kai gaba har a amince. Haka ne. Amma wadda ake zaman makoki a ɗakinta, ina ta ga natsuwar tuna wata doka da ke cikin ɗan littafin da aka ba ta tun tana aji ɗaya? Me zai hana a karɓi takardar daga hannun mahaifinta ko yayanta? Me zai hana in ta dawo da shaidar asibiti a saurare ta? Ko wasiƙa ɗaya ta gargaɗi ai ba ta fi ƙarfin jami'a ba.

Su ma mazan da ke cewa "ki huta bana, baɗi kya koma", wallahi da laifinsu. Hutun da ba takarda kora ce.

Ke kuma 'yar'uwa, kafin a gyara dokar, duk abin da zai zaunar da ke gida ki rubuta, ko aike ne ki yi. A buga maki hatimi a kan kwafi ɗaya, ki adana shi a ƙasan akwatinki tare da takardun makarantarki.