Ɗinkin bazara da damina: a auna kafin a yanka

Sanyi ya fara ja da baya a ƙasar Yekuwa. Ba da daɗewa ba bargo da rigar sanyi za su koma cikin akwati, bazara ta shigo. Kowa ya san watan Afrilu da na Mayu a jihar Damagaram. Da rana tsaka zafi yakan wuce awo 40, da dare kuma ɗaki ba ya kwantuwa. Bayan haka sai ruwa da taɓo da sauro, daga Yuni har Satumba. Wata shida ke nan da jiki yake son tufa marar nauyi, mai shan zufa, mai saurin bushewa.

A ƴan shekarun nan kuma sallolin biyu kusa da wannan lokaci suke faɗowa. A 2025 an yi ƙaramar salla a ƙarshen watan Maris, ta layya kuma a farkon Yuni, ana jiran ruwan shuka. Kowace shekara suna dawowa baya da kwana 10 ko 11. Ga kuɗin ɗinki, ga ragon layya, ga iri, ga taki, duka sun taru a kan maigida sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Wanda bai yi lissafi da wuri ba, tiya zai ɗauka ya nufi rumbu. Hatsin nan da aka sayar don zane, shi za a koma saye da tsada a watan Agusta, ko a ci bashinsa a biya da kaka. To, gara a tsara kayan sawa tun yanzu, da sauran kuɗin gujiya da wake da riɗi a hannu.

Aikin farko a cikin gida yake. Uwargida ta fito da kayan kowa, ta baza a tabarma, ta ƙidaya. Rigar da ta matse wa babba ta ƙane ce. Zanen da ya ci a tsakiya bai mutu ba: a raba shi biyu, a haɗa baki da baki, wurin da ya ci ya koma gefe, sai ya ƙara shekara guda. Wanda ya tsufa ƙwarai ya zama majanyi ko rigar barcin yara. Sai an gama wannan ake sanin abin da babu. Sau da yawa abin da za a saya bai kai rabin yadda aka zata ba.

Daga nan sai awo. Matan da suka shiga makarantar yaƙi da jahilci ga ranar karatunsu ta zo. A sami awon tela, a rubuta sunan kowa a littafi, da tsawonsa, da faɗin kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, da tsawon hannu. Kamu da taƙi awon kakanni ne, amma hannun wata ya fi na wata tsawo.

Akwai wani wuri da mutanen bakin iyaka suke yin hasara ba su sani ba. Yekuwa tana dab da Nijeriya, yawancin zanen da ake sawa kuwa daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano yake fitowa, can kuma da yadi ake awo. A kantunan Damagaram da mita ake yi. Yadi ba mita ba ne. Mita santimita 100 ne, yadi kuwa 91 da ɗan ɗori. Turmin atamfa yadi 6 ne, watau zane 3, watau mita 5 da rabi. Wanda ya biya kuɗin mita 5 aka yanka masa yadi 5, an rage masa wajen santimita 43, abin da ya isa hannuwan rigar yaro. Saboda haka a tambayi mai kaya da wane awo yake yi kafin almakashi ya shiga. In da naira za a biya, a san canjin ranar kafin a fara ciniki.

Ga misalin gida mai mutum shida. Uwargida turmi biyu, ɗaya na fita ɗaya na aiki, kowane ya ba ta riga da zane da ɗankwali. Maigida yadi 5 na jamfa da wando. Yara huɗu ƙanana, turmi guda ya ishe su riga riga, har a sami canji ga na goye. Babbar riga da shadda su jira kaka.

Sai maganar irin yadin. A shekarun 1980 wanda ya sayi atamfar Sonitextil ta Yamai ko ta masaƙun Kaduna ya san auduga ya saya. Waɗannan masaƙu yawancinsu sun tsaya. Mafi yawan abin da ya cika rumfuna daga ƙasar Sin yake zuwa. Akwai mai kyau a ciki, auduga zalla, akwai kuma wanda aka gauraya da zaren roba, zanensu iri ɗaya, ido ba ya rabewa. Roba, ko targal ce ko nailan, tana da ƙyalli, tana da araha, ba ta yamutsewa. Amma ba ta shan zufa. Wadda ta sa ta ta yi daka da hantsin bazara ta san sauran bayani. Jariri kuwa ƙuraje yake fesowa a wuya da baya, ya hana kowa barci.

Gwajin ba shi da wuya. A roƙi mai kaya ya ba da ƴan zaruruwa daga bakin yadin, a koma gefe a ƙyasta ashana. Auduga tana ci kamar takarda, tana warin takarda, tokarta mai laushi ce, in an murza ta watse. Roba kuwa ƙanƙancewa take, ta narke, ta bar ɗan ƙululu baƙi mai tauri. Ɗan kasuwan da ya yarda da kayansa ba zai hana zare biyu ba. Wannan gwajin ya nuna wani haɗari kuma. Auduga ma tana cin wuta, amma roba narkewa take ta manne a fata, ƙunarta ta fi muni. Yarinyar da take hura wuta a murhu kada a bar ta da dogon hijabin nailan yana reto a gabanta.

A kuma murza kusurwar yadin tsakanin yatsu. In gari ya zubo, sitaci aka cika masa don ya yi kauri, wanki ɗaya zai tona asirinsa. A ɗaga shi sama wajen rana a duba saƙar. In ta yi sako-sako kamar rariya, ba zai ga ƙarshen damina ba.

Launi shi ne inda gardama take. Gaskiya ne fari yana mayar da zafin rana, baƙi yana sha. Amma ga Buzaye nan cikin hamada da baƙin rawani da shuɗiyar riga, ba su fasa ba. A shekarar 1980 waɗansu masana sun gwada baƙar riga da fara irin ta Larabawan daji a cikin hamada. Suka tarar in rigar mai faɗi ce, iska tana shiga tana fita, zafin da ya isa jikin mutum ɗaya ne. Ke nan faɗin ɗinki ya fi launi muhimmanci. Baƙar riga matsattsiya, ta roba, ita ce azaba. A yanka da walawa, a buɗe hammata, a bar wuya ya sha iska.

Fari na Juma'a ne da salla. A gona ko a fadamar rake cin sabulu kawai yake. Kayan aiki su zama ruwan ƙasa, ko ruwan toka, ko shuɗi irin na baba, waɗanda ba sa tona datti.

Na ado kuwa, kowace mace da abin da yake karɓarta. Baƙar mace, wadda ake ce wa baƙi mai kyau, ruwan ɗorawa yana haska ta, haka ruwan goro da ruwan bula da fari tas. In ta sa ruwan makuba ko shuɗi mai duhu ƙwarai, sai ta haɗa da ɗankwali mai haske don fuska ta fito. Wankan tarwaɗa ta yi sa'a, kusan kome ta sa ya zauna, amma ruwan hanta da tsanwa sun fi yi mata. Farar mace ta nemi launi mai ƙarfi, ja ko algashi ko shuɗi. Ruwan ɗorawa yakan mayar da ita kamar mai ciwon shawara, a riƙa yi mata sannu a hanya. Wadda zane bai karɓe ta ba, zanen za ta canza, ba fatarta ba. Man bilicin da ake shafawa ɓata fata yake, rana ta bazara kuwa ba ta raga wa fatar da aka kware.

Kada a zaɓi launi a cikin rumfa. Inuwar tamfol tana canza shi. A fito da turmin waje, a kara a gefen fuska, a tambayi ƙawar da aka zo tare, wadda ba ta jin nauyin faɗin gaskiya. Mai kaya, kome aka ɗauka cewa zai yi ya yi kyau. Dabara ce kuma turmin biyu su yi tarayya a launi ɗaya, yadda ɗankwalin wannan zai hau zanen wancan. Zane mai manyan furanni yana cin yadi, don sai an daidaita fure da fure wajen haɗi. Mai ƙananan zane ko'ina aka yanka ya yi, ragowarsa ma ta yi wa yaro riga. Anko fa? Launi ɗaya ne aka ɗora wa mata talatin, ya karɓi goma, sauran su biya bashin su ajiye a akwati. In har za a yi, a sa shi cikin lissafin turmi biyun nan, kada ya zama na uku.

An sayo, an kawo gida. Kada a yanka ranar nan. Auduga tana ja in ta sha ruwan farko, wandon da aka ɗinka daidai idon sawu sai ya koma ƙwauri. A jiƙa yadin a ruwa zalla ya kwana, a shanya a inuwa, a goge, sannan a auna. Ruwan jiƙon zai nuna ko yana zuba. Mai zuba a riƙa wanke shi shi kaɗai, a shanya shi a bai-bai, kuma kada ruwan jabel ya kusance shi.

Wajen yanka wa yara a bar santimita 5 a kalmashe a gindin riga da ƙafar wando. Kafin kaka yaro ya ƙara tsawo, sai a warware kalmasar. Hammata da hantsar wando da bakin aljihu, nan ne tufa take fara yagewa, a bi su sau biyu, da allura ne ko da keke. Zare mai araha yana tsinkewa ya bar yadi da ransa, a sayi mai ƙwari. Gidan da babu keke, uwargida ta yanka da kanta, ta kai wa maƙwabciya mai keke dogayen ɗinki, ita ta ƙarasa wuya da maɓalli da hannu. Kuɗin ya ragu. A kai da wuri. Wanda ya jira goman ƙarshe na azumi, ko satin layya, ya san irin alkawarin da ake yi a lokacin.

Na damina ba shi da yawan magana. Rigar aiki biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri, ana sanye da ɗaya, ɗaya tana bushewa. Wandon jin na gwanjo yana da ƙarfi, amma in ruwan Agusta ya dake shi sai ya kwana biyu da danshi, ya yi fumfuna. Kada a ninke tufa a akwati sai ta bushe sarai. Yara kuma a ɗinka musu riga mai dogon hannu da dogon wando na yamma saboda sauro, ko da yake wannan bai ɗauke kwana cikin gidan sauro ba.

Ƙyallayen da suka rage a tara su a jaka guda. Da su za a yi maho idan noma ya kankama, abin da ya saura a haɗa wa jariri shimfiɗa.

Wata mai zuwa wannan fili zai duba yadda ake share keken ɗinki da sa masa mai bayan ƙurar hunturu.