Ra'ayinmu: Wanda aka karɓi guminsa, a ba shi wurin kwanciya

Idan Musulmi ya rasu a Kano ko Zinder da safe, kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Babu mai tambayar ina za a binne shi. Wannan sauƙin da muka saba da shi har ba ma lissafa shi cikin ni'imomi, shi ne abin da Musulmin ƙasar Japan suka shafe shekaru suna nema bai samu ba.

A Japan, sama da kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka mutu ƙona gawarsu ake yi, a zuba toka da ƙasusuwa a tulu, a ajiye a kabarin dangi. Musulunci kuwa bai yarda da ƙona gawa ba. Maƙabartun da ke karɓar gawar Musulmi a duk faɗin ƙasar ba su wuce goma ko kusa da haka ba, alhali ƙiyasin Farfesa Hirofumi Tanada na Jami'ar Waseda ya nuna cewa Musulmin ƙasar sun ƙaru daga kimanin 110,000 a 2010 zuwa kimanin 350,000 a farkon 2024. Dubun-dubata daga cikinsu 'yan ƙasar ne, wasu sun musulunta, wasu a can aka haife su.

Saboda haka idan an yi rasuwa, iyalan mamaci zaɓi biyu gare su, kuma duka masu ɗaci ne. Ko dai su ɗauki gawa a mota su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa inda za a karɓe ta, ko su haɗa kuɗi mai yawa su sa ta a jirgi zuwa Pakistan, Indonesiya ko Bangladesh. Shi kuwa Bajapanen da ya musulunta, ko yaron da aka haifa a can, babu wata ƙasa ta biyu da za a mayar da shi.

Abin da ya faru a garin Hiji na lardin Oita ya isa misali. A 2018 ƙungiyar Musulmi ta birnin Beppu, inda akwai jami'a mai ɗalibai da malamai daga ƙasashe da dama, ta sayi fili a kan tsauni domin yin maƙabarta, kasancewar duk tsibirin Kyushu babu ta Musulmi ko ɗaya. Wasu mazauna yankin suka ce ba su yarda ba, suna tsoron gawarwaki za su gurɓata musu ruwan sha da na noma. Musulmin ba su yi gardama ba. Suka amince a sauya wuri zuwa wani fili mallakar ƙaramar hukumar. A 2023 aka sa hannu kan yarjejeniya da mazauna unguwar: kaburbura 79 kacal, ba za a sake binne wani a kabari ɗaya ba sai bayan shekara 20, kuma za a riƙa gwada ruwan yankin duk shekara.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Mutanen garin Kitsuki da ke maƙwabtaka suka ɗaga nasu ƙorafin, sannan a zaɓen watan Agustan 2024 aka zaɓi Tetsuya Abe a matsayin magajin garin Hiji, mutumin da ya yi yaƙin neman zaɓe da adawa da maƙabartar. Da ya hau kujera ya ce ba zai sayar da filin ba. Shekara shida ta zama da tattaunawa da sassauci ta tafi a banza.

A arewacin ƙasar ma haka aka yi. Lardin Miyagi ya ƙulla yarjejeniya da Indonesiya a 2023 domin samun ma'aikata, saboda tsofaffi sun yi yawa, matasa sun yi ƙaranci. Gwamnan lardin, Yoshihiro Murai, ya ga cewa wanda ka gayyato ya yi maka aiki wata rana zai mutu a hannunka, don haka a ƙarshen 2024 ya ce zai nemi wurin da za a riƙa binne gawa ko da za a soke shi. An kuwa soke shi, musamman a shafukan sada zumunta. A watan Satumban 2025, ana saura kimanin wata ɗaya zaɓen gwamna, ya janye shirin, yana mai cewa babu magajin gari ko ɗaya a lardin da ya yarda a yi a yankinsa.

Adalci ne a saurari masu adawa, domin ba kowane mai ƙorafi ne maƙiyin Musulunci ba. Manomin shinkafar da rayuwarsa ta rataya a kan ruwan da ke gangarowa daga tsauni yana da haƙƙin ya tambayi abin da za a binne a saman gonarsa. Japan ƙasa ce mai yawan tsaunuka da ƙarancin fili, kuma mafi yawan mutanenta na yau ba su taɓa ganin an sa gawa a rami ba. Abin da mutum bai saba gani ba yakan ba shi tsoro.

Sai dai tambayar ruwa tana da amsa, kuma amsar a hannun masana take. A Ingila, alal misali, ƙa'idar hukumar kula da muhalli ita ce kabari ya yi nisan aƙalla mita 250 daga rijiya ko idon ruwan da ake sha, mita 30 daga rafi, sannan ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita 1 sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa. Ana auna wannan, ana gwada shi, fili ya cika sharaɗi ko ya gaza. Idan ya gaza a nemi wani. Idan kuwa ya cika, an yarda da gwajin ruwa duk shekara, amma aka ci gaba da cewa a'a, to an fake da guzuma ne ana harbin karsana.

Kuma binne gawa ba baƙon abu ba ne a Japan. Dokar ƙasar ba ta haramta shi ba, izini ne kawai yake hannun ƙananan hukumomi. Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce ƙauyuka da yawa binne matattunsu suke yi. Sarki Hirohito da ya rasu a 1989 binne shi aka yi. Ɗaya daga cikin tsofaffin maƙabartun Musulmi a ƙasar ma tana harabar wani wurin bautar mabiya addinin Buddha ne a Enzan, lardin Yamanashi, kuma ta shafe shekaru da dama a wurin.

Wannan matsala ba ta tsaya a Japan ba. A ranar 29 ga Janairun 2017 wani ɗan bindiga ya shiga masallacin birnin Quebec na Kanada ya kashe mutum shida, biyu daga cikinsu 'yan asalin Gini. Birnin ba shi da maƙabartar Musulmi a lokacin, aka mayar da gawar biyar ƙasashensu na asali. Bayan wata shida, da al'ummar ta nemi yin maƙabarta a ƙauyen Saint-Apollinaire, aka yi ƙuri'ar raba-gardama wadda mutum 49 kaɗai suka cancanci kaɗawa. Mutum 19 suka ce a'a, 16 suka ce e. Da ratar ƙuri'a uku aka yanke wa dubban mutane hukuncin inda ba za a binne su ba. Abin yabo shi ne magajin birnin Quebec na lokacin, Régis Labeaume, bai bar maganar a nan ba, cikin makonni ya sanar da cewa birnin zai sayar wa Musulmin fili.

A Amurka kuma, wata ƙungiyar Musulmi ta sayi fili a gundumar Stafford ta jihar Virginia a 2015. Ƙa'idar jihar ita ce kabari ya yi nisan ƙafa 100 daga rijiyar gida. A ƙarshen 2016 gundumar ta yi sabuwar doka ta mayar da shi ƙafa 900, abin da ya kashe aikin baki ɗaya. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai gundumar kotu a 2020, bisa dokar shekarar 2000 da ta hana amfani da dokokin filaye wajen danne wani addini. Gundumar ta soke dokar, daga baya ta biya ƙungiyar dala 500,000.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai biyu shi ne, inda aka samu mafita, wata hukuma ce da ta fi ƙaramar hukuma ƙarfi, ko wani shugaba mai ƙarfin hali, ya ɗauki nauyin. Magajin ƙaramin gari da ke neman ƙuri'ar maƙwabtansa ba zai iya jure wannan matsin shi kaɗai ba, kuma baƙin da abin ya shafa yawanci ba su da ƙuri'a. Muddin gwamnatin tsakiya ta Japan ta ci gaba da cewa wannan hurumin ƙananan hukumomi ne, kowane gari zai ci gaba da tura wa na gaba.

Don haka muna ganin nauyin farko yana kan Tokyo. Gwamnatin da ke buɗe ƙofa ga ma'aikatan ƙasashen waje domin su kula da tsofaffinta, su yi aiki a masana'antu da jiragen kamun kifi, ita ya kamata ta fitar da ƙa'idar ƙasa ta bai-ɗaya kan nisan kabari da ruwa, ta kuma ware sashen binnewa a wasu maƙabartun gwamnati, aƙalla ɗaya a kowane babban yanki. Sashen ya zama na duk mai son a binne shi, Musulmi ne ko Kirista ko Bajapanen da ke son tsohuwar al'adar kakanninsa. Hakan zai rage zargin cewa ana fifita wasu.

Nauyi na biyu yana kan ƙasashen da ke tura 'ya'yansu. Indonesiya da sauransu suna da abin da Japan ke buƙata, wato hannun aiki. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu kan albashi da masauki, ya kamata a rubuta a cikinta abin da za a yi idan ma'aikaci ya rasu: ina za a binne shi, ko wa zai biya kuɗin mayar da gawarsa. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ma tana da bakin magana a nan. An ga amfanin matsin lamba a Sri Lanka, inda gwamnati ta tilasta ƙona gawar waɗanda cutar korona ta kashe a 2020, ta janye a farkon 2021 bayan suka daga ciki da waje, sannan ta nemi afuwa a 2024.

Su kuma Musulmin da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe, haƙurin da 'yan'uwansu na Beppu suka nuna shi ne hanya, ko da bai haifar da ɗa mai ido ba tukuna. A fara da maƙwabta kafin a sayi fili. A gayyace su su ga yadda ake jana'iza, su san cewa gawar Musulmi ba a yi mata allurar sinadarin hana ruɓewa, kuma ramin yana da zurfi. A kafa asusun jana'iza tun ana da rai. Wannan shawara ta shafi 'yan'uwanmu da ke karatu ko neman abinci a Turai, Amurka da Asiya: mutum ya san inda za a kai shi, ya bar wasiyya a rubuce, kada ya bar wa abokan zamansa ruɗani a ranar da hankali ya tashi.

Akwai kuma abin da ya rage namu a gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A garuruwan da Musulmi ne masu rinjaye akwai 'yan tsiraru da su ma suke mutuwa, suke kuma buƙatar wurin binne nasu bisa addininsu. Duk hujjar da muka kafa wa magajin garin Hiji tana hawa kan kowane shugaban ƙaramar hukuma ko mai unguwa a wajenmu da aka kawo wa irin wannan buƙata ya yi ta jan ƙafa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya kuma nuna wa sahabbansa cewa ita ma rai ce. Wanda ya san wannan bai kamata ya hana kowa kushewa ba. Haka nan mu dubi namu maƙabartun, waɗanda masu gine-gine ke ci daga gefe, ruwan sama ke zaizaye su, masu haƙar kabari kuma ke aiki shekara da shekaru babu albashin kirki.

Musulmin Beppu ba su nemi a daina ƙona gawa a Japan ba, ba su kuma nemi kuɗin kowa ba. Kaburbura 79 suka nema a kan tsauni, da kuɗinsu, bisa sharuɗɗan da maƙwabta suka gindaya. Ƙasar da ta karɓi ƙarfin mutum da harajinsa yana raye, wajibinta ne ta sama masa inda zai kwanta idan wa'adinsa ya cika. Muna kira ga gwamnatin Japan ta karɓi wannan magana daga hannun ƙananan hukumomi ta warware ta da kanta.